Wayar da Almakashi Ya Rage

Akwai wani mai gyaran firij da abokan wasansa ke kira Almakashi. A bayan idonsa aka raɗa masa sunan. Da ya kai kunnensa, maimakon ya ji haushi sai ya ɗauka yabo ne.

Wasan nasu na motocin rimot ne, ƙananan nan da ake tuƙawa daga nesa. Kada ku ji na ce ƙanana ku ɗauka harkar yara ce. Magidanta ne, wasu har da furfura a gemu, suke taruwa duk Asabar a wani fili bayan tsohon sito. Kowa da motarsa a hammata, ana tsere, ana musu a kan taya da batir har rana ta yi sanyi.

A cikin kowace mota akwai wani ɗan inji da bai fi akwatin ashana ba, suna kiransa sarbo. Shi ke juya tayoyin gaba idan ka murɗa sitiyarin rimot. Daga jikinsa waya ke fita, sirara uku manne da juna, masu launin ruwan ƙasa da ja da ruwan lemo. Ita ke tafiya ta shiga risiba, wato akwatin da ke karɓar umarni daga rimot.

Kamfani yakan yi wayar nan da tsawo, tunda bai san a wace mota za a saka ta ba. Yawancin mutane sai su naɗe ragowar, su ɗaure da roba, su cusa a wani lungu su rufe bodi.

Almakashi ba ya iya ganin wannan ya yi shiru. A wurinsa, waya mai yawo tana kama giyar mota, tana tara datti, kuma tana nuna mai motar ƙazami ne.

Don a faɗi gaskiya, ya iya aikin. Zai auna, ya yanke, ya fere bakin kowace waya ba tare da ya tsinka ko gashi ɗaya na tagullar ba. Ya matse sabon fil, ya mayar cikin filogi, kowane launi a raminsa. Idan ya gama ka buɗe motar, sai ka rantse haka aka ƙera ta. Babu ƙulli, babu ƙari, babu abin da ke lilo.

Inda gizo ke saƙa shi ne, ba waya kaɗai yake yankewa ba. Idan kana magana zai yanke ta a tsakiya, don ya riga ya san ƙarshenta. Idan kana shawara zai yanke hukunci kafin ka gama jero dalilanka. Kuma da yake sau da yawa yakan dace, ba a cika samun mai ja da shi ba.

Wanda ya fi kowa shan wannan hali shi ne ƙaninsa, Auta.

Mahaifinsu ya rasu Auta yana ƙarami, Almakashi ne ya riƙe shi. Shi ya kai shi makaranta, shi ya samar masa aiki a wata maɗaba'a, shi ya tsaya masa a aure. Yanzu Auta yana da matarsa da 'yarsa da ta fara tafiya, amma a idon yayansa har yau ɗan yaron nan ne da ake ɗaure wa igiyar takalmi.

A garejin Almakashi akwai wani dogon tebur na aiki. Ɓangaren dama nasa ne, na hagu na Auta. Duk motar da Auta ya taɓa mallaka, sai da hannun yayansa ya ratsa ta. Auta bai taɓa ƙorafi ba. Yana son yayansa, kuma yana jin nauyinsa ƙwarai.

Ana nan sai Auta ya kamu da son wata irin mota daban, ta hawan duwatsu. Ita ba gudu take yi ba. A hankali take rarrafe a kan dutse, taya ɗaya a sama, ɗaya a rami, aksul ɗinta, wato sandar da ke haɗa tayoyi biyu, yana lanƙwasa yana bin ƙasa.

Almakashi ya kira ta motar kunkuru, ya ce wannan wasan masu hawan jini ne.

Auta ya yi dariya, ya ci gaba da haɗa tasa. Wata da watanni yana tara kayanta ɗaya bayan ɗaya, yana ɗaurawa a ɓangarensa na tebur. Ya fesa mata koren fenti da hannunsa. Ita ce mota ta farko da ya haɗa tun daga ƙasa bai ce "Yaya, duba min" ba. Almakashi ya lura da haka, kuma abin ya sosa masa rai, ko da yake bai faɗa wa kowa ba.

Masu motocin hawan dutse suka shirya gasa a wani kwazazzabo da ke bayan filin, inda duwatsu suka jeru a gefen wata babbar magudanar ruwa ta siminti. Ana gobe gasar, Auta ya zo garejin da yamma don ya yi cajin batir. Ya cire bodin motar, sai idon Almakashi ya sauka a kan wayar sarbo. Ta yi wani lanƙwaso tana reto a gaba, ba a ɗaure ta tamau ba.

Ya nuna ta da bakin sukundireba. "Wannan fa? Igiyar shanya ce?"

"Da gangan na bar ta, Yaya. Saboda a wannan motar, sarbo ɗin..."

"Saboda ƙyuya. Na sani."

"A'a Yaya, ai shi a kan..."

"Auta, tun ba ka san ja da ruwan lemo ba nake rage waya. Haka za ka fita gaban mutane da mota kamar bayan talabijin?"

Auta ya sunkuyar da kai, kamar yadda ya saba. Da zai tafi ɗauko matarsa daga wurin aiki, sai ya tsaya a bakin ƙofa.

"Don Allah dai Yaya, a bar min ita haka."

Almakashi bai ce e ba, bai ce a'a ba.

Ƙarar babur ɗin Auta ba ta gama ɓacewa ba ya jawo motar ɓangarensa. Matar Almakashi, wadda kowa ke kira Maman Biyu, ta shigo da shayi ta same shi da filaya a hannu.

"Ba na ji ya ce a bar masa ba?"

"Gobe zai gode min."

Ta ajiye kofin ta fita. Ta daɗe da sanin cewa idan filaya na hannunsa kunnensa ba ya aiki.

Motar na zaune a kan tayoyinta huɗu a bisa tebur, ya auna daga sarbo zuwa risiba. Ya yanke daidai wa daida. Ya fere, ya matse fil, ya soka filogi. Ya kunna rimot ya murɗa, tayoyi suka juya dama suka juya hagu lafiya lau. Aiki ya yi kyau, ba ƙarya. Ya jefa guntun wayar a gwangwanin da yake tara irinsu, ya mayar da bodi ya kulle. Bai faɗa wa Auta ba, yana so sai ya ci gasa ya buɗe ya gani.

Washegari Almakashi ya je kallo, ya tsaya a gefe ya harɗe hannu. Koriyar motar ta fara da kyau. Ta haye tudun farko, ta ratsa tsakuwa, ta wuce wani matsatsi da ya kayar da motoci da dama. Mutane suka fara matsowa. Almakashi ya taɓa na kusa da shi ya ce, "Ƙanina ne."

Sai aka zo wani faffaɗan dutse da ya karkata zuwa magudanar ruwa, da rami a tsakiyarsa. Tayar dama ta hau, ta hagu ta faɗa ramin, aksul ɗin gaba ya sauka ƙasa iyakar saukarsa. Wannan shi ne aikin motar, don haka aka yi ta.

Auta ya murɗa sitiyari. Tayoyi ba su juya ba.

Ya sake murɗawa. Shiru. Tayoyin sun tsaya a karkace suna kallon magudana. Ya ɗauke yatsa daga maɓallin gudu, amma nauyin motar ya riga ya rinjaya. Ta zame, ta kifa, ta gangara tana dukan dutse, ta faɗa kan siminti cikin ruwa.

Auta ya ajiye rimot, ya sauka cikin magudanar da takalmansa ya ɗauko ta. Bodi ya tsage, aksul ya karye ta gefe ɗaya, ruwa na tsiyaya daga ciki. Ya cire bodin. Filogin sarbo ya fice daga risiba yana lilo.

Ya daɗe yana kallon wayar. Sannan ya ɗaga kai ya nemi yayansa a cikin mutane.

"Yaya, ka rage ta?"

"Gyara maka na yi."

Auta bai ɗaga murya ba. Ya hauro, ya zo gaban yayansa, ya miƙa masa motar da hannu biyu.

"To ka riƙe ta, Yaya. Dama duk motocina naka ne."

Ya hau babur ɗinsa da jiƙaƙƙen wando ya tafi. Garin neman gira an rasa ido.

Asabar ta zagayo, Auta bai zo ba. Ta sake zagayowa, bai zo ba. Bai yi gaba da yayansa ba, don ba tarbiyyarsa ba ce. Yakan kira a waya.

"Ina wuni Yaya. Ya aiki? A gaida Anti da yara."

Shi ke nan, sai ya kashe. Gaisuwa ce cikakkiya, babu abin da za ka ce an rage na ladabi, amma babu ko kalma ɗaya da ta yi saura. Almakashi ya riƙa bin wayar da kallo bayan an kashe. Bai taɓa sanin gajeriyar magana tana da ciwo haka ba.

Ɓangaren hagu na tebur ya zauna babu kowa. Koriyar motar na ajiye a kai da tsagaggen bodinta. Duk wanda ya tambaya, Almakashi sai ya ce filogin ne ba shi da kyau, kayan yanzu duk jabu ne.

Wata rana da safe yana maimaita wannan magana a kan abin kari, Maman Biyu ta ce, "Ka tambaye shi me ya sa ya bar ta da tsawo?"

"Ai ya fara faɗa."

"Ya ƙarasa?"



Ta ci gaba da zuba wa yara shayi, ba ta ko kalle shi ba. "Tun da na zo gidan nan ban taɓa jin Auta ya kai ƙarshen magana a gabanka ba. Ni ma ban cika kaiwa ba, amma ni na saba."

Almakashi ya tashi ya bar abincin ya shiga gareji. Ya ajiye motar a kan tayoyinta, ya kai filogi bakin risiba. Ya kai daidai. Ya ji daɗi a ransa, har ya juya zai kira matarsa ta zo ta gani.

Sai ya ɗaga motar sama da hannu ɗaya don ya leƙa ƙarƙashinta. Aksul ɗin gaba ya sauka, sarbo ya bi shi ƙasa, filogin ya zame daga yatsunsa. Ya jawo shi, ya ƙi kaiwa. Tazarar ba ta fi faɗin yatsa biyu ba.

A motocin tsere da ya saba da su, sarbo a jikin ƙashin motar yake, ba ya motsi. Inda ka auna shi yau, nan za ka same shi gobe. A motar Auta kuwa, a kan aksul yake zaune. Duk inda taya ta sauka, tare suke sauka. Lanƙwason da ya kira igiyar shanya shi ne sararin da wayar ke bin motar da shi.

Abin da Auta ya so ya faɗa ke nan. "Ai shi a kan..." Kalma ɗaya ta rage masa.

Almakashi ya zauna a kujerar Auta. Kunya ta kama shi, irin wadda ba ya iya ɗora wa kowa.

Tunaninsa na farko shi ne ya sayi sabon sarbo mai doguwar waya, da sabon aksul, da sabon bodi, ya gyara komai ya kai wa Auta mota fes. Har ya ɗauki makullin motarsa ta hawa. A bakin ƙofa ya tsaya. Idan ya yi haka, motar ta tabbata tasa ke nan, kamar yadda Auta ya faɗa.

Ya dawo ya zazzage gwangwanin guntayen waya a kan tebur. Tari guda, na mutane da yawa. Ya tona har ya gano na Auta, da tsohon filoginsa a jiki. Ya kunna ƙarfen soda. Ya haɗa ruwan ƙasa da ruwan ƙasa, ja da ja, ruwan lemo da ruwan lemo, ya narka dalma, ya sa wa kowanne robarsa ya gasa ta matse. Ya yi iya ƙoƙarinsa, amma mahaɗar ta fito da ƙulli kamar gaɓar yatsa. Yankewar ba ta ɗauke shi komai ba, ƙarin kuwa ya cinye masa safiya, kuma bai ɓoyu ba.

Ya busar da risiba, ya gwada, sarbo ya amsa. Karyayyen aksul da tsagaggen bodi kuwa bai taɓa su ba, ko da yake hannunsa sai ƙaiƙayi yake.

Ranar Asabar da hantsi, maimakon fili, ya nufi gidan Auta da motar a cikin kwali. Matar Auta ta buɗe ƙofa, ta gaishe shi, ta shigar da shi falo. Auta ya fito da 'yarsa a kafaɗa. Ya sauke ta, ya zauna a ƙasa kusa da kujerar yayansa, suka gaisa.

Almakashi ya ce, "Na zo ka ƙarasa maganarka."

"Wace magana, Yaya?"

"Ka ce, a wannan motar sarbo ɗin. Nan na tare ka. Ƙarasa."

"Ai ya wuce, Yaya."

"Bai wuce ba. Ina jinka."

Auta ya kalle shi don ya tabbatar ba gatse ba ne. Sannan ya fara bayani a hankali, yadda sarbo ke kan aksul, yadda ake ɗaga mota a bar tayoyi su yi reto kafin a auna waya, yadda ake karkata ta dama da hagu a ga iyakar inda za ta ja. Almakashi ya riga ya gano duk wannan da kansa. Bakinsa ya motsa zai ce "na sani", ya haɗiye. Ya sake motsawa, ya sake haɗiyewa. Auta yana da jan magana, ba a yi masa ƙarya ba, amma yayansa ya zauna har ya kai aya.

Da ya kai, sai ya ƙara da abin da ba a tambaye shi ba.

"Ba faɗuwar motar ce ta fi yi min ciwo ba, Yaya. Mota kowa tasa na faɗuwa. Na ce a bar min, shi ne ba a bar min ba. Duk abin da na zama kai ne sila, ban manta ba. Amma ina so in yi abu ɗaya, ko da zai lalace, ya zama a hannuna ya lalace."

Almakashi ya ji maganar har cikin ƙashinsa. Ya ce, "Na yi kuskure. Ka yafe min."

Auta bai taɓa jin wannan daga bakin yayansa ba. Ya rasa inda zai sa idonsa, sai ya jawo kwalin ya buɗe. Ya ɗauko motar, ya cire bodi, ya ga mahaɗar. Ya shafa ƙullin da ɗan yatsa, dariya ta kufce masa.

"Yaya, kai ka yi wannan?"

"Ni na yi. Na juya shi ta ko'ina, ya ƙi ɓoyuwa."

"Aksul ɗin fa?"

"Ban taɓa ba. Motarka ce."

Almakashi ya sa hannu a aljihu ya zaro filayarsa, wadda ba ya bari kowa ya riƙe, ya ajiye a gaban ƙaninsa.

"In ka ga ta yi yawa, ka rage da kanka."

Auta ya ɗaga motar sama. Aksul ya sauka, sarbo ya bi shi, waya ta miƙe ta bi su, filogi bai motsa ba. Ya karkata ta dama, ya karkata ta hagu. Sannan ya ɗauki filayar ya mayar wa yayansa.

"A bar ta haka."

"An bar ta," in ji Almakashi.

Auta bai mayar da kayan aikinsa garejin ba. Ya kafa ɗan teburinsa a gidansa, kuma ɓangaren hagu na dogon teburin nan har yau babu kowa. Wannan Almakashi ya rasa shi, kuma ya san dalili. Amma yakan je gidan Auta ranar Asabar kafin su wuce fili, ya riƙe masa fitila idan an ce ya riƙe.

Koriyar motar ta koma kan duwatsu da ƙullinta. Idan wani ya buɗe ya gani ya ce, "Haba Almakashi, motar ƙaninka da irin wannan ƙulli?" sai ya ce, "Tambayi mai motar." Auta ya fara dogon bayaninsa, shi kuma ya tsaya a gefe yana saurare har ƙarshe.

Darasi: Kafin ka rage abin da ka ga ya yi yawa a rayuwar wani, tambayi dalilin da ya sa ya bar shi, kuma ka bari ya gama ba ka amsa. Ƙwarewarka a naka ba ta ba ka izinin yanke na wani ba, ko da kai ka raine shi. Wanda kake so, ka bar masa sararin motsi, domin abin da aka yanke ko an haɗa shi sai ya bar ƙulli. Ku tura wa yayye da iyaye da duk mai saurin katse magana, wataƙila wani ya ajiye filayarsa tun bai yanke ba.